Rubutu Mai Kumatu

Duk wanda ya bi ta ƙofar gidan marigayi Malam Yunusa a Kiyako sai ya kalli bangon zauren, ko da bai iya karatu ba. Sunan makarantar gidan ne aka rubuta da shuɗin fenti, da wasu irin baƙaƙen boko ƙosassu, masu kumatu, babu tsini ko ɗaya a jikinsu, sai ka ce dawon fura aka jera a faifai. Wannan ya jingina da ɗan'uwansa, wancan ya turo ciki gaba, wani kuma ya ɗan karkace yana leƙen mai wucewa. In ka bi layin har ƙarshe kuwa sai ka yi dariya, domin bango ya ƙare wa mai rubutun, sai ya matse baƙin ƙarshe a bakin ƙofa, siriri, a rame.

Ashiru ne ya rubuta, autan Inna Balaraba, matar marigayin. Ranar da ya gama aikin ta fito ta kama haɓa ta ce, "Shi wannan na ƙarshen me ya yi maka ka hana shi tuwo?"

Yana kan tsani, hannu duk fenti, ya ce, "Ai shi ne auta, Inna. Abin da manya suka rage shi ya samu."

Haka hannunsa yake tun yana ƙarami. A allo ma ayar da yara ke rubutawa a layi guda shi sai ta cinye masa rabin allo, tawada kuwa ba ta kwana a kurtunsa. Mahaifinsa ya yi faɗa har ya gaji, ya koma tambayarsa a gidan wa baƙaƙen nan suke cin abinci. Da ya girma sai ya ajiye alƙalami ya ɗauki buroshi, ya kama rumfa a Birnin Kudu. Teburin mai shayi, shagon mai ƙanƙara, makarantar ƙananan yara, bayan a-kori-kura, duk inda ka ga rubutu yana murmushi to Ashiru ya bi ta nan. Har wani mai cire haƙori ya taɓa ba shi aiki. Da aka gama mutumin ya daɗe a tsaye yana kallon allon, sannan ya ce, "To ai wannan sai mutane su zaci alewa nake sayarwa."

Sai injin buga bana, wato allon talla na leda, ya shigo gari. Abin da Ashiru zai yini yana yi a kan tsani cikin rana, mutum ya zauna ƙarƙashin fanka ya fitar da shi kafin shayi ya huce. Aiki ya ja baya, ya ja baya, har fentin ya bushe a gwangwani. Da wasu samari suka tashi zuwa haƙar zinare can bayan Agadas, ya bi su. Da farko yana kira, ya ce a ci gaba da addu'a. Daga baya in an kira lambarsa sai wata mata ta amsa da Faransanci, kullum magana ɗaya, har Inna Balaraba ta tsani matar ba tare da ta taɓa ganinta ba. Shekaru suka yi ta juyawa. Babu wanda ya zo ya ce ya gan shi, babu wanda ya zo ya ce ya binne shi. Da mutuwa ce da an yi zaman makoki an tashi, amma wannan zama ne da ba a tashi.

Shi ya sa duk safiya ita ke share ƙofar gida da kanta, alhali ga masu yi mata cike da gida. Sharar ba ta da wani yawa, amma ba ta ƙarewa da wuri. Ita dai ba ta karanta boko ba, ba ta san sunan ko ɗaya daga baƙaƙen nan ba, amma ta san su kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Kewar yaron nan ta zauna mata a ƙirji, ba ta tashi sai in tana kallon bangon.

Matsalar ita ce bangon ya tsufa. Shafen siminti ya tsattsage, ya kumbura, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji ƙarar rami. Khalifa, ɗanta na fari, wanda ya gaji makarantar, ya yi magana har bakinsa ya gaji. Ita ba ta kiran sunansa, Malam ƙarami take ce masa.

"Inna, damina ta ƙarato," in ji shi. "In ruwa ya shiga bayan shafen nan bangon zama zai yi, ga yara suna karatu a ciki. Datti magini ya ce sai an ɓamɓare tsohon an yi sabo."

"A bar shi."

"Inna, sai a ɗauki hotonsa a waya, ki riƙa gani."

"Na ce a bar shi, Malam ƙarami. Hoto ya taɓa yin ƙamshin fenti?"

Ta san gaskiya yake faɗa. Amma gaskiya daban, abin da uwa za ta iya daban. Datti ya sha zuwa da cokalin gininsa ya koma da shi a bushe.

Ana cikin haka sai ga Murja, 'yar ƙanen marigayi da ke aure a Farin Dutse, ta zo gaisuwa. Ta kawo tsaraba a cikin wani ƙaramin bokitin roba, irin wanda ake rabawa a walima, da sitika manne a jiki. Inna Balaraba ta miƙa hannu za ta karɓa, sai hannun ya tsaya a hanya. Baƙaƙen da ke jikin sitikar jajaye ne, ƙosassu, masu kumatu, babu tsini ko ɗaya a jikinsu. Wannan ya jingina da wancan.

"Murja, ina kika samo wannan?"

"Walimar saukar 'yar maƙwabtanmu ce, Inna. A Gwaram aka bugo, wani shago kusa da tasha."

Tsohuwa ta juye tsarabar a tabarma ba tare da ta duba ko mene ne ba, ta ɗauki bokitin ta fita ƙofar gida. Ta ɗaga shi kusa da bango. Ta kalli wannan, ta kalli wancan.

A nan dole a faɗi daga inda Inna Balaraba ta fito, don kada a ɗauka tsufa ne ya taɓa ta. Mahaifinta marubucin Alƙur'ani ne, a cikin warƙoƙi ta tashi. In aka kawo masa takarda ɗaya tilo, ko daga Barno ta fito, sai ya kalla ya ce hannun wane ne, almajirin wane, kuma ranar da ya rubuta wannan yana gaggawa. Abin da ta ji tun tana goye shi ne fuska kan yi kama da fuska, amma hannu ba ya ƙarya. Kowane rubutu da mai shi, kamar yadda kowane sawu yake da ƙafarsa. A duniyar da ta sani ba a taɓa yin rubutun da ba na kowa ba.

Khalifa ya fito ya tarar da ita rungume da bokiti. Ya duba sitikar, sannan ya ce a hankali, "Inna, wannan bugun inji ne."

"Injin shi ya haifi kansa? Ai wani ya rubuta masa."

"Kama da wane ba ta wane, Inna."

"Ni za ka koya wa sanin hannu? Tun ba a yi aurena ba nake rarrabe hannun malamai. Wannan yaron ya dawo. Ya dawo hannu biyu babu komai, kunya ta hana shi shigowa gida, ya maƙale a Gwaram yana yi wa masu inji rubutu. Ni na haife shi, na san halinsa."

Maganar ta zauna daidai, har shi kansa Khalifa sai da zuciyarsa ta ɗan motsa. Ashiru zai iya yin haka.

Yinin ranar ta ƙare shi a gindin turmi tana daka dakuwa, mai yaji sosai, yadda autan yake so. Washegari da sassafe ta ɗaure ta a leda, ta yafa mayafinta na zuwa unguwa, ta bi Murja da za ta koma. A bakin ƙofa ta tsaya ta kalli bangon, a karo na farko cikin shekaru ta kalle shi ba da yunwa ba. Me za ta yi da tsohon sawu alhali mai ƙafar yana tafe?

"Malam ƙarami," ta ce, "ka kira Datti ya yi shafensa. In mun dawo mai rubutu ya tarar da sabon bango. Wannan karon sai na sa shi ya auna kafin ya fara."

Khalifa ya ce, "Ko a jira ki dawo, Inna?"

"Kai da ke ƙorafin damina? Ka ga hadari jiya. A yi."

Ɗan acaɓa ya kai su tashar Birnin Kudu, suka shiga motar Gwaram. Tun a hanya ta fara ganinsu. Ga su a jikin kwalin madarar yara a wani kanti, ga su a bayan wata keke napep, ga su a wata bana da aka rataya a ƙofar gidan biki, kore da rawaya. Da can ba ta duban irin waɗannan abubuwa, yau kuwa ko ta ina ta juya kumatu ne ke mata dariya. Ta taɓa Murja ta ce, "Kin gani? Yaron nan bai zauna ba." Can ƙasan ranta wata murya ta ce aikin nan ya yi wa hannu ɗaya yawa. Ta danne ta da istigfari.

Da suka sauka a Gwaram Murja ta nuna mata shagon, ta ce bari ta raka ta ciki.

"A'a, wuce gidanki. In ya ga taro kunya za ta sa ya gudu ta baya."

Murja ta hau acaɓar Farin Dutse, tsohuwa ta gyara mayafi ta yi sallama. Shagon ƙarami ne, yana warin tawadar inji, janareto yana ta ƙugi a waje. Wata budurwa ce zaune gaban kwamfuta da hijabi ruwan toka. Ta tashi ta gaishe ta, ta jawo mata kujera, ta ce sunanta Mahbuba. Inna Balaraba ba ta zauna ba. Idonta yana kan labulen da ke ƙuryar shagon.

"'Yar nan, mai rubutun nake nema." Ta miƙa bokitin.

Mahbuba ta duba ta yi murmushi. "Ai mu muka yi, Inna. Ni na tsara shi."

"Ba mai tsarawa ba. Wanda ya zana baƙaƙen da hannunsa. Ki ce masa ya fito, babu abin da za a yi masa. Ki ce masa uwarsa ce."

Murmushin ya ɓace daga fuskar yarinyar. Ta je ta ɗage labulen da kanta. Babu komai a bayansa sai naɗaɗɗun ledojin bana da tabarmar salla.

"Inna, zauna don Allah, in nuna miki wani abu. Faɗa min suna, kowane suna."

"Ashiru."

Yarinyar ta taɓa madannai, sai ga baƙaƙe sun fito a gilashin, ƙosassu, suna jingine da juna. Inna Balaraba ta kai hannu za ta shafa. Mahbuba ta sake taɓawa, baƙaƙen suka rame suka miƙe kamar sojoji. Ta sake, suka kwanta gefe guda. Ta sake, kumatun suka dawo.

"Kin gani, Inna? Salon rubutu ne, suna nan da yawa a ciki, mutum ya zaɓi wanda ya dace. Wannan mai kumatun muna sa shi a biki da suna da walima da kayan yara, don yana da fara'a, kuma ana hango shi daga nesa. Sanarwar rasuwa ba ma sa shi. Duk mai irin wannan shago yana da shi, daga nan har Legas."

"To wa ya zana shi tun farko?"

"Wallahi ban sani ba. Wani ne a wata ƙasa, ko wata. Yayana ne ya sauko da shi ta waya."

Tsohuwa ba ta yarda ta faɗi nan take ba, 'yar marubuci ce, sai ta gwada. Ta ce a rubuta mata dogon suna, sunan makarantarsu gaba ɗaya. Aka rubuta. Ta matso da fuskarta har numfashinta yana taɓa gilashin. Akwai wani baƙi mai tumbi da ya fito a wurare da dama cikin layin, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya fi wani ko da ƙwayar gero. A bangon gidansu kuwa wannan baƙin kowane da halinsa, na farko ya fi ƙiba, na tsakiya fenti ya ɗan zubo masa, domin hannun ɗan Adam ba ya maimaita kansa.

"In wuri ya ƙare miki fa?" ta tambaya. "In bangon ya yi kaɗan?"

Mahbuba ta ja wani abu, layin gaba ɗaya ya tsuke, kowa ya ragu daidai da ɗan'uwansa, na ƙarshe da kumatunsa kamar na farko.

"Ba ya ƙarewa, Inna. Kowa sai ya samu wuri."

A nan Inna Balaraba ta zauna a kujerar da aka ba ta tun ɗazu. Baƙin ciki ya rufe ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da matar Faransanci ta fara amsa waya. Ashiru ba ya Gwaram. Bai dawo ba, bai ji kunya ba, bai ɓuya ba. Inda yake jiya nan yake yau, wurin da ba ta sani ba. Kuma injin da ya kore shi daga garinsu shi ne ya ari kumatunsa ya kira ta da su.

Mahbuba ta durƙusa gabanta ta tambaye ta wane ne Ashiru, tsohuwa ta gaya mata a taƙaice. Yarinyar ta goge ido da bakin hijabi, ta tashi ta buga sunan a 'yar sitika ta miƙa mata. Tsohuwa ta karɓa don kada ta gwale ta, ta kwance ledar dakuwa ta ajiye mata a tebur.

"Ki ci, 'yar nan. Da yaji, ki yi hankali. Na yi wa mai rubutu ne, ke na tarar."

Tana faɗin haka sai bangon ya faɗo mata a rai. Ta miƙe zumbur.

"Innalillahi! Datti!"

Ta zaro 'yar wayarta daga lalita, ta ce a nemo mata lambar Malam ƙarami. Mahbuba ta kira, ta sake kira, wayar tana ta ƙara babu mai ɗauka. Khalifa ba ya shiga makaranta da waya, a ɗaki yake barinta, kuma ita ce ta sha yaba masa a kan haka.

Motar Birnin Kudu ba ta tashi sai ta cika, kuma ranar kamar mutanen Gwaram sun yi shawara kowa ya zauna gida. Ta zauna a ciki tana kallon rana tana hawa, ta tsaya, ta fara gangarawa. Da motar ta tashi ma sai ta riƙa tsayawa ana ɗora buhuna. Ita dai bakinta bai huta ba, tana roƙon Allah ya sa Datti ya yi halin magina, ya ce gobe. Ta saki reshe ta kama ganye, kuma da bakinta ta ba da izini, babu wanda za ta ɗora wa.

Datti bai yi halin magina ba. Mutumin da ya daɗe yana jiran wannan aiki, ga hadari yana haɗuwa, ai ba sai an kira shi sau biyu ba. La'asar ta yi sanyi lokacin da ɗan acaɓa ya sauke ta, tun daga nesa ta hango bangon, toka-toka, sumul, da danshinsa. A ƙasa tarin ɓaraguzan tsohon shafe ne, nan da can ana ganin shuɗi.

Khalifa ya fito daga zaure da sauri. Ya kalle ta, ya kalli bayanta, ya kalli hanya. Da ya ga babu kowa sai ya sunkuyar da kai.

"Sannu da hanya, Inna."

"Yauwa, Malam ƙarami. Kun yi aiki."

Ta taka a hankali ta bi jikin bangon, kamar yadda take bi da tsintsiya kowace safiya, daga inda baƙin farko yake. Babu shi. Babu mai turo ciki, babu mai leƙen masu wucewa. Sai da ta kai bakin ƙofa ta tsaya. Sabon shafen ya ƙare saura kamar tafin hannu, tsohon yana nan a tsattsage, kuma a kansa ga siririn baƙin nan a matse, a rame, shi kaɗai. Shekara da shekaru ƙosassun take kallo, wannan ba ta cika tsayawa a kansa ba. Yanzu ta ga inda buroshin ya yi rawa, inda ya goga jikin katakon ƙofa ya bar shuɗi, inda aka danna babban yatsa aka share fentin da ya zubo. Zanen yatsan yana nan. Ta ɗora nata a kai.

Datti yana wanke cokalinsa a bokiti, ya ɗago ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. Siminti ne ya ƙare mana a nan. Gobe da safe in Allah ya kai mu zan ɓamɓare ɗan wannan in ƙarasa."

Ba ta juyo ba, ba ta kuma ɗauke yatsanta ba.

"Ka gama aikinka, Datti, Allah ya biya," ta ce. "Autan ka bar min shi."